Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Shagon Malam: Shekara Biyu Ana Fama da Ƙura, Zafi da Gara

Mafari

Mutumin da wannan nazari ya shafa tsohon malamin firamare ne a wani ƙauyen Jigawa, tsakanin Gagarawa da Malam Madori, inda dogo ya ratsa gonaki ba nisa da gari. Shi ya koya mini lissafi a aji biyar, don haka Malam zan riƙa ce masa, kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya yi ritaya a 2019. Yana noman gero da riɗi, yana da 'yan tumakinsa, gidansa ginin ƙasa ne mai rufin kwano. Wutar lantarki ta gwamnati ba ta zuwa unguwarsu, sai faifan sola guda da batir da suke kunna fitilu uku da cajin waya.

Layin da ya bi ta bayan garinsu shi ne na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shekara goma sha tara bayan dogo ya iso Kano a 1911. Ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, gyaɗa ce kuma babban kayansa a zamanin da take ci. Mahaifin Malam leburan dogo ne, cikin masu bin layi da sassafe suna ɗaure abin da ya kwance suna gyara tsakuwa. Malam ya sha ba mu labari a aji yadda yake kai wa mahaifinsa fura a bakin aiki, ya ɗora kunne a kan ƙarfen dogo ya jiyo jirgi tun hayaƙinsa bai bayyana ba.

Burinsa bayan ritaya shi ne ya gina ƙaramar tashar jirgi irin ta layin nan a cikin shagon ƙofar gidansa, da jirgi mai tafiya da gaske, jikokinsa su ga abin da shi ya gani. Matsalar da ta ci masa fiye da shekara guda ce: jirgin yana tsayawa.

Oktoba zuwa Nuwamba 2021: kwali daga Kano

Babban ɗansa da ke kasuwanci a Kano ne ya ci karo da kwalin a cikin kayan gwanjo. A ciki akwai kan jirgi irin na dizal, tarago huɗu, guntayen dogo ashirin, goma sha biyu masu lanƙwasa da takwas miƙaƙƙu, sai taransifoma mai maɓallin ƙara gudu. Kayan na Amurka ne, tsoffi, na ma'aunin da ake kira HO, wato an rage jirgin gaske sau 87. Tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa milimita 16.5 ne. Wuta tana bi ta cikin dogon kansa: ƙarfe ɗaya ya kai ta, ƙafafun jirgi su ɗauka su miƙa wa injin, ɗaya ƙarfen ya mayar da ita. Iyakar abin da injin yake so bolt 12 ne, irin wutar batir.

Ranar farko aka yi asarar taransifomar. An kai ta gidan maƙwabci mai janareta aka jona, ta yi ɗan gurnani, hayaƙi ya tashi. An yi ta ne don wutar Amurka mai bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Rubutun yana jikinta, ba wanda ya duba.

Malam bai karaya ba. Ya jera batiran tocila a cikin bututun takarda, huɗu su ba da bolt 6, shida su ba da 9, ya shimfiɗa dogon a kan tabarma. Jirgin ya tafi. Yaran unguwa suka cika ƙofar shago har ana tura juna. Amma batiran ba sa jimawa, kuɗinsu kuma ba na wasa ba ne ga mai jiran fansho, ga zaren tabarma da yashi suna shiga cikin ƙafafun. Sai ya jawo waya daga batirin solar gida kai tsaye. Da cikakken bolt 12 ba abin rage gudu, jirgin ya zabura, yana isa lanƙwasa ya yi tsalle ya kifa. Lanƙwasar irin wannan dogo matsattsiya ce, santimita 46 kacal daga tsakiyar da'ira zuwa layi.

A ƙarshen Nuwamba kafintan gari ya yi masa tebur mai tsawon santimita 240 da faɗin 120, samansa falankai biyar jere da juna, ƙafafunsa katako a kan daɓen ƙasa. Katakon ɗanye ne, bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba. Malam ya kafe kowane guntun dogo da ƙananan ƙusoshi, ya matse su sosai don kada su motsa. Zagayen duka ya kai mita 4.7. Don rage gudu ya sa wata tsohuwar wayar risho mai lantarki a tsakani, yana matsar da maƙali a kanta. Tana zafi, amma tana aiki.

Wani abu da ya yi tun daga wannan watan, wanda daga baya ya fi kowane kayan aiki amfani, shi ne buɗe littafi. Halin malanta bai sake shi ba. Kamar rajistar aji, yana rubuta kwanan wata, yanayin gari, da zagaye nawa jirgi ya yi kafin ya tsaya da kansa. A makon farko na teburin ya rubuta zagaye arba'in da wani abu ba tsayawa.

Disamba 2021 zuwa Fabrairu 2022: hunturu

Da iskar hunturu ta kankama, lissafin ya faɗi. A tsakiyar Janairu littafin yana nuna zagaye biyu, uku, wani lokacin ko ɗaya ba ya cikawa. Jirgin yana tafe yana shaƙewa, fitilarsa tana ƙyaftawa, sai an tura shi da yatsa. Shagon yana da taga mai marfin katako da ƙofar kwano, ga rata tsakanin bango da rufi. Duk wanda ya yi hunturu a wannan yanki ya san ko ƙwarya ka kife ka dawo da yamma za ka rubuta sunanka a bayanta.

Malam ya ɗauka injin ne ya gaji. Abu biyu ya gwada.

Na farko, ya ɗiga man keken ɗinki a ƙafafu da haƙoran injin, ya kuma shafa kaɗan a kan dogo don jirgi ya ji daɗin tafiya. Kwana biyu abin ya yi kamar ya gyaru. Daga nan man ya kama ƙura, suka zama baƙin danƙo, ya naɗe a ƙafafun kan jirgi da na tarago, su kuma suka riƙa shafa shi a duk zagayen.

Na biyu, da ya ga baƙin nan ya ƙi fita da tsumma, ya samo samfefa wajen kafinta ya goge saman dogon har ya yi ƙyalli. Nan take jirgin ya koma zagaye ashirin. Sai ya mai da abin al'ada, duk Juma'a da safe. Abin da bai gani ba shi ne samfefar tana barin ƙananan tsagu a saman ƙarfen, ƙura da mai suna samun wurin kwanciya, tana kuma cinye siririn rufin da aka yi wa ƙarfen don kare shi daga tsatsa. Kafin ƙarshen Fabrairu gugar Juma'a ba ta kai shi Litinin.

A wannan lokacin ne maganganu suka fara a majalisa. Wasu suka ce Malam ya koma yarinta. Wani abokinsa ya ce masa da kuɗin batiran nan da ya ƙara tunkiya. Ya ce da ni daga baya maganar ba ta dame shi ba kamar yadda jikansa ɗan shekara shida ya dame shi, ranar da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kaka, jirginka kullum a kwance yake kamar jakin Malam Audu mai ciwo." Sunan ba na gaske ba ne, na canza shi, amma jakin kowa ya san shi a garin.

Maris zuwa Mayu 2022: bazara

Ƙura ta lafa, sai wata sabuwa ta ɓullo: jirgin ya fara sauka daga kan dogo, kullum a wurare uku, duk a kan lanƙwasa.

Falankan tebur sun bushe a tsawon hunturu. Katako yana tsukewa ne ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, don haka rata ta buɗe tsakanin falanki da falanki, wata har milimita huɗu, biyu kuma suka ɗan kumbura ta gefe kamar kwale-kwale. Miƙaƙƙen dogon yana kwance a kan falanki guda, bai ji komai ba. Mai lanƙwasa kuwa ya haye falankai biyar, an kafe shi a kan kowanne, kowanne ya ja shi nasa gefen.

Zafi ya ƙara nasa. Malam ya rataye ma'aunin zafi a bango. Da asubar Janairu ya taɓa rubuta digiri 14, da azahar ɗin Afrilu a ƙarƙashin kwano ya rubuta 44. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, kuma a wannan tazara ta digiri talatin dogo mai mita 4.7 zai ƙaru da abin da ya kusa milimita biyu. A ido ba komai ba ne. Amma an matse gaɓoɓin tun lokacin sanyi ba a bar musu wurin numfashi ba, sai ƙarin ya tattaru a gaɓar da ta fi rauni ta karkace. Mahaifinsa ya san wannan, shi ya sa tsohon layin Nguru yake da 'yar rata a kowace gaɓa, wadda ke ba da ƙarar nan ta ƙaƙas-ƙaƙas in jirgi yana wucewa.

Ya zare ƙusoshi ya sake kafewa sau biyu. Ya cusa kwali a ƙarƙashin inda ya lotsa. Gyaran yana riƙe kwana goma, sannan wani wurin ya tashi.

A cikin azumin wannan shekarar aka yi abin da ya kusa kawo ƙarshen aikin. Ɗaya daga cikin jikokin ya ajiye cokali a kan dogo, ya haɗa ƙarfen biyu, wayar kuma tana jone da batirin gida ba fis a tsakani. Batirin sola yana iya turo wuta mai yawan gaske in ya sami gajeriyar hanya. Siririyar wayar ta yi ja, robarta ta narke, ta ƙona gefen tebur da wani ɗan ɗakin kwali da ya gina a kai. Allah ya kiyaye uwargidan Malam tana tsakar gida ta jiyo ƙauri. Ranar ta ce, "Malam, ko dai jirgi ko dai fitilar gidan nan, ba za su sha daga batir ɗaya ba." Bai yi musu ba. Ya cire wayar.

Yuni zuwa Oktoba 2022: damina

Daminar 2022 ta zo da ambaliya a sassan Jigawa da dama. Ruwa bai ci gidan Malam ba, amma daɓen shagon ya jiƙe ya daɗe bai bushe ba, shi kuma yana gona. Mako shida ba a buɗe shagon sosai ba.

Da aka buɗe a Satumba, dogon da aka yi ta gogewa da samfefa ya yi jawur da tsatsa. Gara ta hau ta ƙafa biyu na tebur ta yi hanyarta har ƙarƙashin falankai. Gine-ginen kwali da ya liƙa da kokon rogo, wato ofishin tasha da rumbuna biyu, ɓera da kyankyaso sun cinye su saura ɓurɓushi. A littafin, shafin Satumba layi ɗaya ne: ba tafiya.

Ya tattara kan jirgin da taragu ya mayar cikin kwalinsu, ya aika wa ɗansa cewa in ya ga wani kan jirgin a gwanjo ya saya, wannan ya mutu.

Nuwamba 2022: gwaji

Na je gaishe shi bayan an yi girbi. Sana'ata haɗa sola ce, ina tafe da mitar auna wuta a jaka. Da labarin ya zo, na roƙe shi ya fito da kan jirgin kafin a kashe kuɗi a kan wani.

Muka kifa shi a kan tsumma, muka goge ƙafafunsa da sifirit, muka taɓa wayoyi biyu daga batirin babur kai tsaye a jikin ƙafafun. Injin ya juya lafiya ƙalau, gaba da baya, ba shaƙewa. Malam ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ashe zaluntarsa nake yi, ɗana."

Sai muka koma kan dogon. Muka kankare tsatsar sama iya yadda za ta kankaru, muka ɗora jirgin, na auna. A inda waya ta shiga dogo mita ta nuna bolt 12.5. A ɗaya gefen tebur, lokacin da jirgin yake can yana jan wuta, ta nuna 8 da 'yan kai, in na danna wata gaɓa da yatsa kuma sai ta yi tsalle. Guntaye ashirin, kowanne da ƙarfe biyu, gaɓa arba'in ke nan, kuma ta cikin ɗan maƙalin da ke riƙe kowace gaɓa wutar take ratsawa. Kowane maƙali ya saki, ya yi tsatsa ta ciki inda tsumma ba ya kaiwa.

Daren nan muka zauna da littafinsa a gaban fitila. Shi ya fara ganin abin, ba ni ba. Ya bi shafukan da yatsa ya ce kowane lokaci na shekara da irin tsayawarsa: ta hunturu shaƙewa ce a ko'ina, ta bazara sauka ce a wuri ɗaya, ta damina mutuwa ce gaba ɗaya. Cuta uku ce, yana ta ba su magani ɗaya.

Disamba 2022 zuwa Maris 2023: sabon gini

Aka fasa tsohon tebur aka yi itacen girki da abin da gara ta rage. An yi wa daɓen shago siminti. Mai walda a Malam Madori ya haɗa firam na ƙarfen angul, ƙafa huɗu, ba katako ko ɗaya da ke taɓa ƙasa, aka kuma janye shi taƙi guda daga bango don gara ba ta rasa hanya ta jikin ginin ƙasa. A sama aka ɗora filaiwud mai kaurin milimita 12, wanda aka jingine a shagon mako uku ya sha iskar ɗakin, sannan aka yi masa fentin mai sama da ƙasa da gefuna. Filaiwud ɓawo-ɓawo ne da aka liƙa a gicciye, shi ya sa ba ya tsukewa ta gefe ɗaya kamar falanki.

An rage girman zuwa santimita 180 da 105. Malam bai so ba, don yana da burin gada da dogon layi. Dalilin ragewar marfi ne. Muna son abin rufewa da mutum ɗaya mai shekaru zai iya ɗagawa shi kaɗai: siririn firam na busasshen katako, aka ja leda mai kauri mai haske a kai, aka liƙa soso a bakinsa inda yake zama a kan tebur. Dokar da ya kafa wa kansa da jikoki ita ce ba a barin tebur a buɗe in ba jirgi yana tafiya ba.

Dogon shi ya fi cin lokaci. Ɗansa ya yi odarsa ta hannun wani abokinsa, ya ɗauki kusan wata biyu. Irin mai tanƙwaruwa ne, kowane tsayi santimita 91, guda shida. Ƙarfensa gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, ba ya yin jar tsatsa, dusashewar da yake yi kuma ba ta tare wuta kamar tsatsa. Mun kula da abu guda wajen oda: ƙafafun tsoffin jirage suna da leɓe mai zurfi, don haka aka zaɓi dogo mai tsayin milimita 2.5, wanda ake kira lamba 100. Da an sayi gajere, leɓen zai riƙa dukan abin da dogon yake kwance a kai.

A Fabrairu aka shimfiɗa shi. Gaɓoɓin kan lanƙwasa an liƙe su da dalma don kada su yi gwiwa. A kan miƙaƙƙen layi kuwa aka bar rata huɗu a kowane ƙarfe, kowace kaurin katin waya, saboda wannan ƙarfen yana miƙewa kusan rabin milimita a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri talatin. Ƙusoshin ba a buga su har ƙarshe ba. Sannan abin da ya kashe matsalar gaɓa: wayoyin gida biyu masu kauri suka zagaya ƙarƙashin tebur, daga kowane tsayin dogo aka sauko da 'yar waya aka haɗa da su. Yanzu maƙali aikinsa riƙe ƙarfe a saiti kawai, ba ɗaukar wuta ba. Wani yaro mai gyaran waya a kasuwar garin ne ya yi liƙin dalmar, hannunsa ya fi nawa sanyi a ƙaramin aiki.

Wuta ta samu nata batirin daban, ƙarami mai bolt 12, ana cajinsa da rana. A bakinsa fis mai amfiya 3. Sai ƙaramin allon rage gudu irin wanda ake sa wa fankar sola, da makunni mai juya waya don gaba da baya. Tsakanin allon da dogo muka sa ƙwan fitilar mota mai wat 21. Jirgi yana jan wuta kaɗan, ƙwan ba ya ko haske. In wani abu ya haɗa ƙarfen biyu, ƙwan ya kama, ya tsare wutar ƙasa da amfiya biyu. Malam ya kira Inna, uwargidansa, ya ɗora cokali a gabanta, ƙwan ya haska, ba abin da ya yi zafi. Ta ce to, yanzu ta yarda.

Shara ta koma tsumman atamfa da ɗigon sifirit, a dogo da ƙafafu duka, har na taragu. Samfefa ta bar shagon. Bayan shara yana ɗan goga bakin fensir a saman dogo wuri biyu ko uku, ƙafafu su yaɗa shi, yana taimaka wa wuta ta ratsa. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, a kan haƙoran injin kawai, sau biyu a shekara.

Tsakuwar dogo ta ba da wahala sau ɗaya. Ya fara da jar ƙasa, da ruwan gam ya taɓa ta sai ta zama taɓo. Ya koma yashin rafi, ya tankaɗe da rariya, ya soya a tsohon kasko ya bushe. Kafin ya zuba, ya ja maganaɗisun tsohuwar lasifika a ciki, baƙin garin ƙarfe ya manne masa. Da an bar shi, maganaɗisun injin jirgin ne zai tsince shi. Ya zuba a bushe, ya daidaita da gashin kaza, ya ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun ruwa.

Afrilu zuwa Oktoba 2023: tashar

A nan aikin ya tashi daga hannuna ya koma nasa gaba ɗaya, kuma nan ne ya fi burge ni.

Ya fara gina ofishin tasha a ma'aunin 87, ya ajiye shi a gefen dogo, ya ce bai yi ba. Dogon ya yi masa faɗi. A tunaninsa layin da mahaifinsa yake bi siriri ne, yaro yana tsallake shi da taku ɗaya mai kyau. Idonsa bai yi ƙarya ba. Tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, ƙafa uku da rabi. Kayan HO kuwa an kwaikwayi layi mai milimita 1,435 ne, irin na aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura. Ya ɗauki alli ya raba 1,067 da 16.5 a jikin ƙofa, ya sami 64 da ɗoriya. Wato in yana son dogonsa ya zama layin Nguru, sai ya gina komai a ma'aunin 64. Masu wannan sha'awa a ƙasashen da ke da irin faɗin layinmu, kamar Afirka ta Kudu da Niyu Zilan, suna bin wannan dabarar. Shi da allinsa ya isa wurin.

Ya rushe ofishin ya sake. Ƙofa mai mita biyu ta zama santimita uku da ɗigo. Bango daga farar robar allon talla, ba kwali, ba koko. Rufin kwano daga gwangwanin lemo da ya matsa a kan haƙoran mataji. Kuka daga murɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da aka lulluɓe da garin katako da gam. Rumbunan yumɓu ya gasa su a murhun Inna. Buhunan gyaɗa ƙwayar wake ce da aka naɗe da ƙyalle aka tsoma a fenti don kada ƙwaro ya huda. Taragu huɗun ya cire musu jiki ya bar ƙafafu, ya gina sabon jiki mai faɗi a kai.

Mutum ko dabba bai sassaƙa ko ɗaya ba, zuciyarsa ba ta kwanta da yin surar mai rai ba. A maimakonsu akwai buta a gindin kuka, tabarma a shimfiɗe, keke a jingine da bango, sai diga da ƙwaryar fura a gefen layi, nesa kaɗan da tasha. Ban tambaye shi na wane ne ba.

Abin da littafin ya nuna

Bazarar 2023, ba sauka daga dogo ko sau ɗaya a dalilin karkacewa. Da azahar ratar nan huɗu tana kusan rufewa, da asuba ta buɗe. Daminar 2023, ba tsatsa, gara ta gwada hawa ƙafa ɗaya ya gan ta ya kankare. Janairun 2024, tsakiyar hunturu, da shara sau ɗaya a mako, ya daina ƙirga a zagaye ɗari. Sau ɗaya lissafin ya faɗi zuwa shida, ranar da jikoki suka bar marfi a buɗe tun hantsi har magariba.

Me ya yi aiki, kuma don me

A ganina, cikin duk abin da aka canza, marfin leda ne ya fi kowanne amfani, shi ne kuma mafi arha. Wurin da ƙafar jirgi take taɓa dogo bai kai kan allura ba, ta nan duk wutar take bi, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta raba su. Shaidar tana cikin littafin: sabon dogo, sabuwar waya, amma wuni guda a buɗe ya mai da shi zagaye shida. Bayansa sai wayoyin ƙarƙashin tebur, sannan firam ɗin ƙarfe. Sabon dogon ya sauƙaƙa aiki, amma ina da yaƙinin tsohon ma da zai yi shekaru da an rufe shi tun farko, an bar masa rata, ba a kai masa samfefa ba. Man keke da samfefa kuwa garin neman gira ne aka kusa rasa ido, kuma abin da ya sa suka yaudare shi shi ne kowanne yana ba da sauƙi na kwana biyu kafin ya ƙara cutar.

Kuskure ɗaya ne nake ganin bai kamata a yi masa uzuri ba, wato jona batirin gida ba fis, a ɗakin da yara suke shiga. Na faɗa masa haka, ya karɓa. Sauran duk kuskuren wanda yake aiki shi kaɗai ne, da kayan da aka ƙera don ɗakunan wata ƙasa mai wani yanayi, ba kuma wanda zai tambaya a duk faɗin ƙaramar hukumar.

Abin da ya rage

Kan jirgin har yanzu na Amurka ne a ma'aunin 87, yana jan taragun Nguru a ma'aunin 64, ya yi musu ƙanƙanta. Malam ya yi masa sabuwar riga sau biyu. Ta farko ta gwangwani ce, ta taɓa wayoyin ciki, ƙwan fitila ya kama. Ta biyu ta roba ce, ta yi tsawo, hancinta yana dukan taragon farko a kan lanƙwasa. Lokacin da na je da ƙaramar sallar 2024 na tarar yana yanka ta uku. Ya rage mata santimita ɗaya da rabi, yana kuma cigiyar wani tsohon direban jirgi da aka ce yana zaune a Nguru, don ya tabbatar masa da launin fentin da yake tunawa.